Milimita Goma Sha Huɗu a Huhun Kawu

Saƙon muryar ya shigo wayata da misalin ƙarfe uku na dare, lokacin da a jihar Ohayo ta Amurka ƙarfe tara bai daɗe da bugawa ba. Ban saurare shi ba sai bayan sallar asuba. Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya haura shekara ashirin yana sana'ar tuƙi a can. Ya fara da doguwar gaisuwa kamar yadda ya saba, ya tambayi Inna, ya tambayi maiɗakina da yara, ya yi ƙorafin sanyi. Sai a minti na uku ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, wai sun ga wani abu a huhuna. Sun ce mutum-mutumi zai shiga ya ɗebo a duba. Kai da ka saba bin diddigin magana, bincika mini, abin nan yana faɗin gaskiya kuwa? Amma kada ka gaya wa Yaya tukuna."

Na san dalilin da ya sa ba ya so Inna ta ji. Tari ne ya yi ajalin mahaifinsu. An ba shi maganin tibi na wata shida, aka ƙara masa wasu watanni, yana sha yana ramewa, har ya rasu ba tare da wani ya taɓa ganin abin da ke cikin ƙirjinsa ba. Har yau in yaro ya yi tari sau biyu a gidanmu sai Inna ta ɗago kai.

Shi Kawu ba tari yake yi ba. Motarsa ce ta zame a kan ƙanƙara a watan Nuwamba, ta bugi ƙarfen gefen titi. A asibiti suka yi masa siti-sikan na ƙirji don su duba haƙarƙari. Ba su sami karaya ba, amma suka ga ƙullutu mai faɗin milimita 14 a saman huhunsa na dama. Girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba.

Ni ba likita ba ne. Aikin jarida na karanta, kuma abin da sana'ar ta koya mini game da alƙaluma bai wuce tambayoyi uku ba: wa ya ƙirga, cikin mutum nawa, kuma me ya ɗauka a matsayin nasara. Da su na shiga karatun da ya ci mini makonni. Na rubuta wannan da izinin Kawu, domin na tabbata akwai gidaje da yawa da irin wannan saƙo zai shiga wata rana.

Ɗigon da ke hana barci

Abin da nake kira ƙullutu a nan shi ne duk dunƙulen da aka gani a hoton huhu wanda faɗinsa bai wuce santimita 3 ba. Ganinsa ya zama ruwan dare a ƙasashen da ake yawan ɗaukar hoton siti. Wani bincike da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai ana gano shi a jikin mutum kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari shida duk shekara, galibi kamar yadda aka gano na Kawu, an je neman wani abu daban.

Mafi yawansu ba kansa ba ne. Wani tabon tsohuwar cuta ne da jiki ya yi wa shinge ya manta da ita. Wani kumburi ne da zai baje da kansa. A kwarin kogin Ohayo da na Misisifi akwai wani nau'in funfuna a cikin ƙasa, mai bunƙasa inda kashin tsuntsaye da na jemage ya taru, mutane na shaƙarsa ba su sani ba, ya bar musu tabo a huhu. Saboda haka abubuwa uku likitocin Kawu suke zargi: tibi da wataƙila ya shaƙa tun yana yaro a gida, funfunar garin da yake zaune, da sigarin da ya sha na shekara goma sha biyar kafin ya daina.

Babban gwajin da aka yi a Amurka kan mashaya sigari sama da 53,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2011, ya nuna fuskoki biyu na lamarin. Binciken huhu da hoton siti ya rage mace-macen kansar huhu da kashi 20 cikin ɗari. Amma cikin hotunan da aka ce akwai abin tuhuma, kimanin kashi 96 cikin ɗari daga baya an gano ba kansa ba ce. A ɗaya ɓangaren kuma, kansar huhu ita ce kansar da ta fi kowace kisa a duniya, mutum kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a 2022, kuma babbar damar warkewa daga ita tana ga wanda aka kama tasa tun tana ƙaramin ƙullutu. In likita ya yi jinkiri yana iya rasa wannan dama. In kuma ya yi gaggawar fiɗa, yana iya yanke wa mai lafiya wani sashe na huhu a banza.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ta dogara da girma. Abin da bai kai milimita 6 ba galibi ana ƙyale shi in mutum ba ya cikin masu haɗari. Abin da ya haura 8 sai an ɗauki mataki: ko a sake hoto bayan wata uku, ko a yi wani hoton na musamman mai nuna yadda ƙullutun ke cin sukari, ko a gutsuro tsokarsa a duba a madubin likita. Na Kawu ya nuna ɗan haske a hoton sukarin, wanda kansa na iya jawowa, kumburi ma na iya jawowa. Sai aka ce a gutsuro.

Ta bango ko ta ƙofa

Hanya biyu ce ake kai wa ga ƙullutu ba tare da fiɗa ba. Ta farko daga waje: majiyyaci ya kwanta a cikin na'urar siti, a kashe masa zafin wurin, likita ya soka doguwar allura tsakanin haƙarƙari yana kallon hoto har ta shiga ƙullutun. An daɗe ana ɗaukar wannan hanya a matsayin mafi dacewa da gaskiya. Aibinta shi ne sai ta huda tantanin da ya lulluɓe huhu. In iska ta kuɓuce ta wannan huda ta taru a cikin ƙirji, huhu ya sace kamar taya, wani lokaci har sai an sa wa mutum bututu a ƙirji an kwantar da shi.

Ta biyu daga ciki: a bi ta baki da maƙogwaro a shiga hanyoyin iska. Tsohuwar dabara ce. A 1897 likitan Jamus Gustav Killian ya zura miƙaƙƙen bututun ƙarfe ya zaro wa wani mutum guntun ƙashi daga hanyar iska, a 1966 kuma Shigeto Ikeda na Japan ya fito da bututu mai lanƙwasa wanda ake gani ta cikinsa. Matsalar ita ce hanyoyin iska suna rarrabuwa kusan sau 23 daga maƙogwaro zuwa ƙarshe, kowane reshe ya fi na bayansa ƙanƙanta, shi kuwa bututun da aka saba da shi, mai kaurin milimita biyar zuwa shida, yana cijewa bayan rabuwa ta huɗu ko ta biyar. Ƙullutu kuma yawanci can gefe yake zama. Kamar babbar mota ce da ta shigo ta ƙofar gari, ta tsaya inda lungu ya fara, gidan da ake nema yana can bayan kwana goma. Wani rajistan asibitocin Amurka da aka buga a 2016 ya nuna cewa a wancan lokaci leƙen huhu yana ba da amsa ne a kimanin kashi 54 cikin ɗari na irin waɗannan majiyyata.

Daga nan aka yi ta neman yadda za a shiga lungun. Aka fito da siririn bututu mai ɗauke da wani ɗan abu a bakinsa wanda filin maganaɗisu ke bin sawunsa, kwamfuta tana nuna wa likita inda yake a kan taswirar huhun da aka zana daga hoton siti. Binciken NAVIGATE, wanda ya bi majiyyata 1,215, ya samu kashi 73 cikin ɗari da wannan hanya. An samu ci gaba, amma har yanzu mutum ɗaya cikin huɗu yana fita ba amsa.

Abin da mutum-mutumin yake yi

Kawu ya zaci wani ƙarfe mai hannuwa da idanu ne zai tsaya a kansa yana yanke shawara. Abin bai kai haka ba. Mutum-mutumin hannu ne na inji mai riƙe da siririn bututu, likita yana tsaye a gefe yana tuƙa shi yana kallon allo. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da nau'i uku: Monarch a 2018, Ion a 2019, Galaxy a 2023. Monarch ana sarrafa shi da abin riƙewa irin na wasan bidiyo, yana kuma dogara da maganaɗisu. Ion, na kamfanin Intuitive, kaurin bututunsa milimita 3.5 ne, a cikinsa akwai zaren gilashi mai sanar da kwamfuta siffar lanƙwasar bututun daga farko har ƙarshe.

Amfaninsa biyu ne a zahiri. Yana iya yin kwana mai tsanani a ƙananan hanyoyin da hannun mutum ba ya iya juya bututu a cikinsu. Sannan in ya isa, yana ƙamewa a wurin ba ya motsi, likita ya zura allura ko ɗan matsefi ta ramin da ke tsakiyarsa sau da yawa ba tare da saitin ya goce ba. Akwai kuma ƙarin riba: a zama ɗaya likita na iya duba kaluluwan da ke tsakiyar ƙirji ya ɗebi samfurinsu, wanda in kansa ce shi ke nuna ko ta fara yaɗuwa.

Takardar da asibitin ya ba Kawu, wadda ya ɗauki hotonta ya turo mini, ta ce na'urar tana isa ga ƙullutu a fiye da tara cikin goma na majiyyata. Na duba, ba ƙarya ba ce. Amma kalmar "isa" ta tsaya mini a rai.

Taswirar jiya, huhun yau

Taswirar da mutum-mutumin ke bi an zana ta ne daga hoton da aka ɗauka kwanaki ko makonni kafin aikin, mutum yana farke, ya ɗaga hannuwa sama, ya cika ƙirji da iska ya riƙe. A ranar aiki kuwa an sa shi barci, hannuwansa na gefe, inji ne ke yi masa numfashi. Wasu sassan huhun, musamman na ƙasa da na baya, sukan lotse cikin mintuna kaɗan da fara barcin. Shi kansa bututun in ya shiga yakan ture hanyar iska ya sauya mata siffa. Wani bincike na 2015 ya auna yadda ƙullutu ke matsawa tsakanin cikar numfashi da fitarsa, ya samu matsakaicin milimita 17.6. Na ajiye wannan lamba kusa da 14 na Kawu na daɗe ina kallonsu. Tazarar da abin ke matsawa ta fi shi kansa abin girma.

Ma'anar wannan ita ce allon na iya nuna bakin bututu yana fuskantar tsakiyar ƙullutu, alhali ƙullutun na gaskiya ya koma gefe, allura ta ɗebo lafiyayyen huhu. Kwamfutar ba ta yi kuskure a lissafinta ba, taswirar da aka ba ta ce ta tsufa.

A nan hoton lokacin aiki ya shigo. Hanya mafi sauƙi ita ce a zura wani siririn abu mai gani da amon sauti ta cikin bututun, ya nuna ko akwai dunƙule a kewayensa. Yana taimako, sai dai lotsattsen huhu na iya yi masa kama da ƙullutu ya yaudare shi. Hanya ta biyu ita ce a juya na'urar eksire ta ɗakin aiki a ɗan zagaye, kwamfuta ta harhaɗa hotunan ta gyara wurin ƙullutun a taswira. Ta uku, wadda ta fi su duka, na'ura ce mai hannu kamar baka, tana zagaya majiyyaci a kan gadon aiki yayin da aka tsayar masa da numfashi na ɗan lokaci, ta fitar da hoton siti na nan take. A wannan hoto likita yana ganin allurarsa da ƙullutun tare, ta kowace fuska. In ta goce ya gyara ya sake ɗauka. Gani ya kori ji. Farashinsa shi ne ƙarin hasken eksire a jiki, ƙarin lokaci, da ƙarin kuɗi.

Abu uku a cikin kalma ɗaya

Da na kai nan sai na gane cewa tambayar Kawu ta ƙunshi tambayoyi uku, kuma masu talla sukan amsa ta farko su bar mai sauraro ya zaci sun amsa ta uku. Bututu ya isa kusa da ƙullutun? Allura ta shiga cikinsa? Abin da ta ɗebo ya faɗi sunan cutar? Ɗaya daga binciken farko kan Monarch, mai suna BENEFIT, ya nuna tazarar a fili: cikin majiyyata 54, an tabbatar da isa ga ƙullutun a kashi 96 cikin ɗari, amma an samu amsa a kashi 74.

Ita ma kalmar "amsa" ba kowa ke ƙirga ta iri ɗaya ba. A ce an duba tsokar an ga kumburi kawai, ba kansa, ba ƙwayar cuta, ba wani abu takamaimai. Wasu masu bincike sukan jira shekara guda, in ƙullutun bai girma ba su sa wannan majiyyaci a layin nasara. Wasu kuma su ce a ranar da aka yi aikin ba a san komai ba, saboda haka ba nasara ba ce. A 2024 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙirji biyu na Amurka suka fitar da matsaya cewa a riƙa amfani da tsattsauran ma'auni: sai in an ga kansa, ko an ga wata takamaimiyar cuta da ta bayyana dalilin ƙullutun. Da wannan ma'auni, binciken TARGET kan majiyyata 679 da aka yi wa aiki da Monarch ya samu kimanin kashi 62 cikin ɗari. Akwai kuma wani abin lura. Kansa ta fi sauƙin ganewa a madubi fiye da cututtukan da ba ita ba, don haka asibitin da yawancin majiyyatansa masu kansa ne lambarsa za ta fi kyau ko da ƙwarewarsa ba ta fi ta wani ba.

Gwajin da ya fi nauyi shi ne wanda ake raba majiyyata gida biyu da ƙuri'a. A 2025 irinsa uku suka fito. VERITAS, wanda Jami'ar Vanderbilt ta jagoranta aka buga a mujallar New England Journal of Medicine, ya gwada shiga ta ciki da sokawa ta waje a kan ƙullutu mai faɗin milimita 10 zuwa 30. Ta ciki ta ba da amsa daidai a kashi 79 cikin ɗari, ta waje kashi 73.6. Inda suka rabu da nisa shi ne sacewar huhu: kashi 3.3 a ta ciki, kashi 28.3 a ta waje. Abin lura, ba mutum-mutumi aka yi amfani da shi a wannan gwaji ba, hanyar maganaɗisu ce da ake gyara wa taswira da hoto a lokacin aiki. Gwaji na biyu, RELIANT, shi ma daga Vanderbilt, ya haɗa mutum-mutumi da wannan hanyar maganaɗisun a kan majiyyata 411: kashi 77.8 da kashi 75.5, kusan kunnen doki. Na uku daga asibitin jami'ar Zurich ta Suwizalan ya fito, inda aka gwada mutum-mutumi haɗe da hoton siti na nan take da tsohon bututu na yau da kullum, a kan ƙananan ƙullutu masu wuyar kai wa. Na farko ya haura kashi 80 cikin ɗari, na biyu ya tsaya a kashi 23. Majiyyata 78 ne kawai, a asibiti ɗaya.

Abin da na ɗauka daga waɗannan shi ne: mutum-mutumi ya fi tsohon bututu nesa ba kusa ba in ƙullutu ƙarami ne kuma yana can gefe, babban rabo na ingancin yana zuwa ne daga gyara taswira da hoto a lokacin aiki, kuma ko a hannun ƙwararru mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar zai tashi ba a faɗa masa sunan abin da ke huhunsa ba.

Na rubuta wa Kawu tambayoyi huɗu ya tafi da su. Za a ɗauki hoto a lokacin aikin a ga allura a cikin ƙullutun? Akwai hanyar iska da ta nufi ƙullutun kai tsaye? A cikin majiyyatanta masu irin girman nasa, nawa ke samun takamaimiyar amsa a karon farko? In ba a samu ba, me zai biyo baya? Likitar, in ji shi, ta yi murmushi ta tambaye shi wa ya rubuta masa. Ta ce suna da na'urar mai zagayawa. Ta ce babu hanyar iska da ta shiga ƙullutun, sai allura ta huda ta gefe, wanda ke ƙara wuya. Ta ce in ba amsa, a sake hoto bayan wata uku, in ya girma a yi fiɗa.

Takardar sakamako

An yi aikin a watan Disamba, ya koma gida a ranar, ba abin da ya same shi sai kaushin maƙogwaro. Bayan kwana biyar sakamako ya fito: ba a ga ƙwayoyin kansa ba, an ga kumburi marar takamaiman dalili. 'Yarsa ta rubuta a zauren WhatsApp na dangi, "Alhamdulillah, ba kansa ba ce." A nan Inna ta fara jin labarin, farkonsa da ƙarshensa a lokaci ɗaya. Ta yi kuka, ta yi sujudar godiya, washegari ta sa aka toya ƙosai aka raba wa almajirai. Kawu ya yanki tikitin zuwa gida a watan Fabrairu, zai zauna wata shida, ya ce hoton watan Maris ba shi da sauran amfani.

Na kwana biyu ina jujjuya yadda zan faɗa masa. Daga ƙarshe na kira.

"Kawu, ku yi haƙuri da abin da zan ce. Takardar nan ba ta ce babu ba. Cewa ta yi ba su gani ba a cikin abin da suka ɗebo."

"Ai likitar ta nuna mini hoton. Allurar tana tsakiyar abin, na gani da idona."

Na ce masa wannan hoton shi ne ya kwantar mini da hankali fiye da komai, domin ya kawar da zargin cewa sun ɗebo daga wurin da ba shi ba. Amma na tuna masa da ƙarfen nan mai rami da masu sayen hatsi ke soka wa buhu a kasuwa. Ƙarfen ya shiga buhun da gaske, abin da ya fito da shi ma na buhun ne, sai dai tafin hannu ɗaya ne daga cikin buhu guda. Ƙullutun kansa yakan zo da kumburi a kewayensa da matacciyar tsoka a tsakiyarsa, allura na iya faɗawa ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa likitar ta ce ya dawo.

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "To, na ji." Wadda ba ta ji da daɗi ba ita ce Inna. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai kullum sai ka tono abin da Allah ya rufe. Ƙanina ya samu lafiya, ka bar shi ya zo in gan shi." Ban iya ce mata saboda mahaifinta nake yi ba. Na dai durƙusa na ba ta haƙuri, ta yi mako guda tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Kawu ya ɗage tafiyar. Gwajin noman ƙwayar tibi da na funfuna, wanda ke ɗaukar makonni, ya dawo ba komai. A watan Maris aka sake hoto: ƙullutun ya ragu zuwa milimita 8. Ya turo mini saƙo yana dariya, "Malam ɗan jarida, kuɗin canjin tikiti yana wuyanka."

Na yi dariya ni ma, sannan na lura da wani abu. In da Kawu yana cikin wani bincike, mai sassaucin ma'auni zai rubuta shi a layin nasara, tunda abin da allura ta nuna ya tabbata. Mai tsattsauran ma'auni zai rubuta shi a layin rashin amsa, tunda daga Disamba zuwa Maris ba wanda ya san gaskiya, har da likitarsa. Mutum ɗaya ne, allura ɗaya, lamba biyu. Ni da na ga yadda waɗannan watanni uku suka kasance a gidanmu, ina tare da mai tsattsauran ma'auni.

Abin da kakana ya rasa

Tun da na fara wannan karatu nake tunanin kakana. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tibi, don haka likitan da ya ga inuwa a hoton ƙirjin mai tari ya fara zargin tibi bai yi wauta ba. Inda ake asara shi ne a ci gaba da ba mutum magani wata bayan wata yana lalacewa, ba wanda ya koma ya sake tambaya. Na'urar Zurich da hotonta kuɗinsu ya haura Yuro miliyan ɗaya, kuma ba ita kakana ya rasa ba. Ya rasa gwajin majina mai tabbatar da ƙwayar cutar, wanda a yau na'urar GeneXpert ke yi cikin kimanin awa biyu. Ya rasa hoton siti, da likitan da zai soka allura, da wanda zai duba tsokar a madubi. Gwajin VERITAS ya nuna cewa ita wannan tsohuwar allurar ta waje ba ta yi nisa da sabuwar hanya a wajen ba da amsa ba, illa dai ta fi ta haɗari.

Saboda haka mai karatu, in naka yana shan maganin tibi ba tare da gwaji ya nuna ƙwayar ba, ya kuma yi wata biyu ba sauƙi, kada ya daina maganin da kansa, amma ku koma ku tambayi likita ko akwai wani abin da ya kamata a duba. In kuma an ɗebi tsoka aka ce ba a ga komai ba, ku tambaya: an faɗi sunan cutar, ko dai ba a samu amsa ba? Yaushe za a sake dubawa?

Kawu ya iso gida bayan hoton Maris. Inna ta tare shi a soro ta riƙe hannunsa ta daɗe ba ta saki ba. Likitar ta ba shi ranar sake hoto a watan Satumba, kuma tikitinsa na komawa ya riga ranar da mako biyu. Ni na zaɓa masa ranar tafiyar. Jiya da na je gaishe ta, Inna ta tambaye ni, ba tare da ta kalle ni ba, ko na tabbata ranar da na rubuta daidai ce.